Ni Na Goge Muryar Mama

Masu bin wannan shafi sun dame ni da tambayar dalilin shiruna. Wasu sun ce an tsayar da magana ne, wasu sun ce mun ɓata da Mai Tabarau. Babu wanda ya canka. Zan ba ku labarin a jere, yadda nake tace labaran mutane a gidan jaridar da nake aiki: wa ya yi, me ya yi, yaushe ya yi. Amsar tambaya ta farko ita ce ni.

Ga wanda yau ya fara shigowa, mu uku ne a gidanmu: ni da Baba da ƙanwarsa, Gwaggo, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar Mama. Baba tsohon ma'aikacin awon filaye ne, idanunsa sun yi rauni. Mai Tabarau shi ke auna masa ido. Gwaggo ce ta raka Baba shagonsa wata rana, suka dawo da sabon tabarau da kuma mijin da ta zaɓa mini. Tun daga nan ba na shan ruwa a gidan nan ba tare da an ambaci sunansa ba.

Ba ni da abin da zan ce ya yi mini. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, kullum akwai ɗan ƙyallen goge gilashi a aljihun rigarsa. Laifinsa ɗaya a wurina: kowa ya riga ni sonsa.

Yanzu kwamfutar. Tsohuwa ce, mai nauyi, murfinta ma sai an tallafe shi da hannu biyu. Lokacin da manhajar da ta zo da ita ta daina karɓarta, na zuba mata Linux, irin manhajar nan da jama'a ke haɗuwa su rubuta, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya iya ya buɗe cikinta ya gyara. Na ƙara girman haruffa, na bar wa Baba hoto ɗaya tal a tsakiyar allo, wanda zai danna. Daga ranar ya sa mini suna Injiniya. Ko baƙi suka zo, sai ya ce, "Ku gaisa da Injiniya, ita ke riƙe da mu."

Abin da hoton nan ke buɗewa yana cikin wani baƙin faifai mai gajeriyar igiya, da ake sokawa a gefen kwamfutar. Muryar Mama ce a ciki. Saƙonnin da take tura wa Baba in ya yi tafiyar aiki: ya sha maganinsa, ya daina barin safa a cikin takalmi, ga abin da maƙwabciya ta ce, ga abin da ita ta mayar mata. Wayar da aka turo su ta mutu tuntuni. Kowace safiya, in ya gama shan shayi, Baba zai soka faifan, ya jingina, Mama ta yi masa faɗa, shi kuma yana murmushi.

Kwafi ɗaya ne a duniya. Na san haka. Na sha cewa zan yi na biyu.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, manhajar da ke kan kwamfutar ta riga ta tsufa, an daina aiko mata da gyara, kullum tana nuna mini gargaɗi. Na sauke sabuwa, saura in rubuta ta a kan filash, ɗan ƙaramin faifan nan na aljihu, in zuba. Na ɗauko kwamfutar daga falo na kai ɗakina, na ajiye a kan teburin guga, na soka filash ɗin.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Auta, yau ma da wannan akwatin za ki tarbi baƙo?"

"Sai da yamma zai zo, Gwaggo."

"Wace riga za ki sa?"

"Ruwan tokar."

"Ruwan toka! Zance za ki ko jarrabawa? Ina koriyar nan mai dogon hannu?"

"Ta matse ni."

"To ai shi ya sa na ce ita."

Ta shigo ta buɗe durowata, ta fara zubo kaya a kan gado. Wayata ta yi ƙara. Mai Tabarau ne: "Barka da hantsi, ranki ya daɗe. In taho wa Baba da ruwan wanke tabarau, ko akwai saura?" Kafin in amsa, wani ya shigo: "Ke kuma me zan taho miki da shi? Kada ki ce ba komai, jiya ma haka kika ce."

Hannuna ɗaya na kan waya, ɗaya na kan kwamfuta, kunnena na wurin Gwaggo.

Bari in yi muku bayani kaɗan, domin a nan komai ya lalace. A irin wannan manhaja akwai wani baƙin allo da ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye. Ba ta musu. Ba ta cewa, kin tabbata? Kuma tana tuna duk abin da aka taɓa rubutawa: in ka danna kibiyar sama, sai ta dawo maka da umarnin baya, ka huta da rubutu. Duk mai aiki da ita yana da wannan lalacin. Na danna kibiya har na kai ga umarnin da na yi amfani da shi bara, wanda ke cewa a rubuta sabuwar manhaja a kan faifai na biyu. Na canza sunan fayil, na sa kalmar sirri, na danna.

Bara filash ɗina ne faifai na biyu, bayan na cikin kwamfutar, don shi kaɗai ke soke. A ranar kuwa Baba ya gama sauraron Mama bai zare baƙin faifan ba, ni kuma na ɗauko kwamfutar da shi yana reto a gefe. Wanda ya riga shiga shi ne na biyu. Filash ɗina ya koma na uku.

"Ɗaga hannu in gani," in ji Gwaggo, tana kara mini koriyar rigar a ƙirji.

Ta ƙarƙashin hannunta na hango 'yar wutar da ke nuna faifan da ake rubutu a kai. Ba ta filash ce ke ƙyaftawa ba. Ta baƙin faifan ce.

Na tsayar da umarnin. Na san na makara tun kafin yatsana ya sauka.

"Lafiya? Kin yi wani fari fat."

"Rigar ce ta matse ni, Gwaggo."

"Ba ki ma sa ba tukuna."

Da ta fita, na kulle ƙofa. Akwai wani zaure a intanet inda masu amfani da manhajar ke taimakon juna, kuma zauren yana da ƙa'ida: ba a zuwa a ce "abu ya lalace" kawai. Sai ka faɗi abin da ka yi da hannunka, ka kwafo umarnin yadda ka rubuta shi, da amsar da na'ura ta ba ka, ba ragi ba ƙari. Wanda ya ɓoye wani abu, ba a kula shi. Don haka na rubuta gaskiya tsirararta. Na ce na goge faifan mahaifina da kaina, muryar mahaifiyata ce a ciki, babu wani kwafi. Na manna duk abin da ke baƙin allon.

Wani mai kiran kansa Tsohon Hannu ya amsa. Bai yi mini jaje ba, bai yi mini faɗa ba. Ya ce farkon faifan ne ya tafi, tare da taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake, amma mai yiwuwa sauran suna kwance a ciki. Ya ce kada in bari a rubuta ko ɗigo a kansa. In nemo wani faifai da ya fi shi girma, in kwafe shi ɗungurungum, sannan in yi tono a kan kwafin. Ya rufe da cewa, "Duk mun taɓa yi. Ki gaya wa mahaifinki yau."

Na bi shawararsa duka, ban da ta ƙarshe.

Na mayar da kwamfutar falo, na ajiye faifan a gefenta, a zare, yadda Baba ke barinsa wani lokaci. Na ce a raina, gobe da safe kafin ya gama shayi zan faɗa masa. Na sa koriyar rigar, na yafa farin mayafi, har da 'yan kunnen Mama masu kamar ɗigon ruwa. Gwaggo ta dube ni ta ce yau dai na yi kama da 'yar mutane.

Da yamma Mai Tabarau ya zo, cikin farar riga mai guga, da ruwan wanke tabarau da ledar lemo. Ya durƙusa ya gaida Baba. Suna cikin hira ya duba wayarsa ya ce caji ya ƙare.

"Soka a kwamfuta mana," in ji Baba. "Nan nake soka tawa."

Ya soka. Ina zuba shayi, ina gani.

Sai Baba ya yi abin da bai taɓa yi wa baƙo ba. Ya gyara zama ya ce wa Mai Tabarau, "Likita, matso. Bari ka ji surukarka, ko da ba ku haɗu ba."

Gwaggo ta dube ni da murna. Ni kuwa na ajiye butar shayi.

Baba ya laluba ya soka faifan. Ya danna hotonsa. Shiru. Ya sake dannawa. Wani ɗan akwati ya fito a allo, ya ce ba a sami komai ba.

"Injiniya, zo ki gani."

Na zo. Na zare faifan da sauri, na riƙe shi a hannu. Ga dama ta samu, kowa yana kallona, kalma huɗu kawai ake bukata: ni ce na goge. Na buɗe baki, sai Gwaggo ta riga ni.

"Wayar nan ce! Bairos ne! Haka aka yi wa matar mai wanki, aka soka mata waya, hotunan bikinta duka suka tafi."

Mai Tabarau ya fizge wayarsa kamar ta ƙone shi. "Subhanallahi. Baba, wallahi ban sani ba."

Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, ta cikin sabon tabaransa. "Haka ne, Injiniya? Waya tana iya yin haka?"

Ku da kuke karantawa, na san wayar da aka soka don caji ba ta yi wannan ɓarnar ba. Na san haka kamar yadda na san sunana. A wurin aiki, in ɗan rahoto ya kawo mini labari mai irin wannan rami, mayar masa nake yi.

Na ce, "Sai na bincika, Baba."

Ban yi ƙarya ba, in ana bin kalma. Aikina ne sanin yadda ake shirya jimla ta zama ba ƙarya ba kuma ba gaskiya ba.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi sauƙi. Ya ce wa baƙon, "Ka gaida gida," alhali shayinsa ko rabi bai kai ba. Washegari ya gama karyawa ya zauna a gaban kwamfutar a rufe, hannuwansa a kan gwiwa. Da na wuce, na ga ya ajiye sabon tabarau a cikin gidansa, ya ɗauko tsohon, mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare.

Gwaggo kuwa ta juya kamar ba ita ba.

"Ni dama tun farko na ga rawar kansa."

"Gwaggo, ke kika kawo shi."

"Na kawo shi ya auna ido, na ce ya soka waya? Mutum ya zo gidan surukai da mataccen caji, wannan ai rashin tsari ne. Akwai ɗan ƙawata, mai aikin banki..."

Wata da watanni ina neman ƙofar fita daga maganar Mai Tabarau. Ga ta an buɗe mini, ba wanda zai ce ni na ƙi shi. Sai na tarar ba na son fita. Wannan ma ban gaya wa kowa ba.

Saƙonninsa suka riƙa shigowa ina ofis.

"Yaya jikin Baba? Ya ci abinci?"

"Na kasa aiki. Yau na ba wata tsohuwa tabaran wani."

"Na goge wayata kaf, don kada ta cuci wani. Har hotunan yaran yayata sun tafi, amma ba komai."

Na karanta wannan a gaban editanmu, yana tambayata kanun labari. Na rubuta masa, "Kada ka damu kanka." Na goge. Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Abin da na tura shi ne, "Allah ya kyauta."

A tsakiyar mako ya aiko da ƙunshi ta hannun mai gadin ofishinmu. Sabon faifai ne, babba, ya ninka na Baba. Saƙo ya biyo baya: "An ce in za a ceto abin da ya goge, sai da wani faifan. Ban san ko wannan ya yi ba. Ki yafe mini."

Daidai abin da Tsohon Hannu ya ce in nemo. Na karɓa. Na yi amfani da shi.

Na kwafe baƙin faifan a kansa, na sa manhajar tono ta fara aiki. Tana bin faifan ne taku-taku, duk inda ta ga abin da ya yi kama da sauti ko hoto sai ta tsamo shi. Kwamfutar ta yi zafi, fankarta na kuka, na ɗora ta a kan murfin tukunya don iska ta shiga. Na tafi aiki na dawo tana yi. Fayiloli suka taru, babu suna, sai lambobi. Na sa abin ji a kunne na riƙa buɗewa. Wani ƙara ce kawai. Wani rabin kalma. Wani tsohuwar taswirar fili. Sai can na ji an yi gyaran murya, irin wanda na sani tun ina goye.

"Malam, na ga ka bar maganin a kan firiji. Da gangan ka yi, na san ka."

Na cire abin jin, na ninke rigunan da ke kan gado, na sake ninke su. Sannan na koma na ci gaba. Da yawa sun dawo. Na farko-farko, waɗanda ta tura tun tana da ƙarfi, sun tafi, kuma ba za su dawo ba.

Asabar ta zagayo. Na shirya wa Baba komai, na zuba sabuwar manhajar, na mayar masa da hotonsa a tsakiyar allo, na yi kwafi a wuri uku. Ina shirin ɗauka in kai falo, saƙo ya shigo: "Ina ƙofar gida. Ba sai kin sanar da Baba ba."

Na fita da ruwan tokar rigata. Yana tsaye a inuwa, ba leda a hannunsa. Bai ce ranki ya daɗe ba. Ya miƙo mini wayarsa.

Zauren ne. Rubutuna ne.

"Nema nake yi ko akwai wanda irin haka ta taɓa samu," ya ce. "Kullum in na rufe shago sai in zauna in yi ta karatu, ko zan gane abin da wayata ta yi. Sai na ga wata ta goge muryar mahaifiyarta. Na ce, Allah sarki, ashe ba mu kaɗai ba ne."

Ya sa yatsa a kan abin da na manno daga baƙin allon. A farkon kowane layi akwai sunan mai amfani da na'urar da sunan na'urar, yadda na sa musu da kaina: injiniya, gidanbaba.

"Ban iya karatun nan naku ba. Amma na iya duba lokaci. Da hantsi kika rubuta. Ni da yamma na zo."

Na ce, "Eh."

"Eh kawai?"

"Duk abin da ke wurin haka yake."

Ya ciro ƙyallen nan daga aljihu, ya dube shi, ya mayar. "Mutanen da ba su san fuskarki ba, kin gaya musu komai kafin ki canza riga. Ni kina karanta saƙona ina neman gafara."

"In ban faɗa musu ba, ba za su taimake ni ba."

"Ni kuma ko ba ki faɗa ba zan taimaka. Shi ke nan, na gane."

Ban sami abin gyarawa a jimlarsa ba.

"Ba tona miki na zo yi ba," ya ce. "Ba zan gaya masa ba. Mahaifinki ne, ke za ki zauna da shi. Na zo ne ki san na sani."

Ya juya zai tafi, sai muka ji muryar mace daga cikin gida, tana faɗa a kan safa. Gwaggo ce ta ga kwamfutar a ɗakina ta kai wa Baba, shi kuma ya danna hotonsa yadda ya saba. Gwaggo ta leƙo ta taga, ɗankwalinta a karkace.

"Auta! Ta dawo! Wa nake gani, Likita ne? Shigo mana, ɗan albarka, ni dama na ce ba halinka ba ne!"

Muka shiga, yana bayana. Baba na zaune, tsohon tabaran a hannunsa, idanunsa a rufe. Mama na cewa in ya dawo ya taho da batirin agogo. Ya bari ta gama, sannan ya buɗe ido.

"Injiniya, Allah ya yi miki albarka. Na san ba za ki bar ni haka ba." Ya juya wajen ƙofa. "Likita, kai ne? Matso. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Amma kuskure ne, kowa yana yi. Na yafe maka. Magana ta wuce, kada wanda ya sake tayar da ita a gidan nan."

Mai Tabarau ya durƙusa. Na ga bakinsa ya motsa zai ce na gode. Da ya faɗa, shi ke nan, an rufe. Zai zauna a gidanmu a matsayin wanda aka yafe wa, ni kuma Injiniya mai ceto, kuma babu wanda zai sake tambaya.

Na ce, "Baba, ba shi ba ne."

Gwaggo ta ce, "Ke, wa ya tambaye ki?"

Saƙo na gaba ya riga ya fara, Mama tana dariya a kan wani abu. Baba ya laluba ya dakatar da ita, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya miƙa hannu kan tebur, ya buɗe gidan sabon tabarau, ya sa, ya dube ni da kyau.

"Zauna," ya ce. "Fara daga farko."